Hanyoyin Zama Lauya a Najeriya: Daga JAMB Zuwa Rajista a Kotun Ƙoli

A dokar Najeriya, lauya shi ne wanda sunansa ya shiga kundin lauyoyi da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli yake ajiyewa a Abuja. Mutum zai iya riƙe digiri uku a fannin shari'a, yana ma koyar da ita a jami'a, amma in sunansa ba ya cikin wannan kundi, ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali da sunan wani, ko sa hannu a takardar ƙara a matsayin lauya. Wanda ya yi haka ya aikata laifi a ƙarƙashin Dokar Lauyoyi ta 1975. Sunan kuma ba ya shiga kundin sai majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers ta kira mutum, ita kuma ba ta kiran kowa sai wanda ya ci jarrabawar ƙarshe ta Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda kowa ya fi sani da Law School.

Saboda haka hanyoyin da ake magana a kansu duk na isa ƙofar Law School ne. Daga nan hanya ɗaya ce. Duk shawarar da za ka yanke, ta jami'a ce ko ta difloma ko ta fita waje, tambaya guda za ka fara yi: wannan takarda za ta shigar da ni Law School? Tun ran gini ran zane. Mafi yawan waɗanda suka maƙale, a shekarar farko suka yi kuskuren, amma sai a ta biyar suka gane.

Hanyar da aka fi bi

Ita ce ta ɗalibin da ya gama sakandare ya zana jarrabawar JAMB, ya yi shekara biyar a jami'a. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ko jarrabawar NBAIS ga waɗanda suka fito daga makarantun Arabiyya, a zama ɗaya ko biyu. A ciki dole akwai Turanci da Adabin Turanci, kuma mafi yawan jami'o'i suna haɗawa da Lissafi. Adabin nan shi ke kayar da 'ya'yanmu. Makarantu da yawa a Arewa ba su da malaminsa, yaro ya gama aji shida bai taɓa zama a darasin ba, sai ranar cike fom ya ji cewa ba a shiga sashen shari'a sai da shi. Uban da ke son ɗansa ya zama lauya ya bincika wannan tun yaron yana aji huɗu, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa kimiyya da fasaha. Idan an riga an wuce wurin, sai a sake zana jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, a ci Adabin, a haɗa sakamako biyu, muddin jami'ar da ake nema tana karɓar zama biyu.

A JAMB darussa huɗu ne: Turanci, Adabin Turanci, da biyu daga cikin irin su Gwamnati, Tarihi, Tattalin Arziki ko Addinin Musulunci. Makin da jami'a take sanarwa a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa bai shafi mai neman shari'a ba, domin sashen yana cikin masu cunkoso, kuma daga sama ake yanko suna har gurbi ya ƙare. Idan gurbin ya fito, ka tabbata ya fito a CAPS, shafin intanet da JAMB take tabbatar da gurbin karatu a kansa, kuma takardar ta ce shari'a. Akwai waɗanda ake ɗauka a wani sashe, a ce musu su shigo daga baya za a mayar da su. Wani lokaci ana mayarwar, amma in ba a gyara takardar JAMB ba, za ta biyo ka har ranar tantancewa da ranar neman bautar ƙasa.

Sai zaɓin irin digirin. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashen shari'arta yake Kongo a Zariya, tana da ɓangaren dokar zamani da ɓangaren da ya ƙware a shari'ar Musulunci. Jami'ar Bayero a Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna haɗa biyun a digiri ɗaya. Duka suna kai mutum Law School, saboda ko a ɓangaren shari'ar Musulunci ana karanta darussan da aka wajabta: tsarin mulki, dokar laifuka, yarjejeniya, ɓarna da diyya, filaye, kamfanoni, kasuwanci, hujjoji da shaida, amana, da falsafar doka. Ga wanda zai yi aiki a Kano ko Katsina ko Gusau, mu a ganinmu haɗaɗɗen digirin ya fi amfani. Gado, aure, saki, riƙon 'ya'ya da rigimar gona su ne abincin yau da kullum na ƙaramin lauya a nan, kuma wanda bai san rabon gado ba zai riƙa mayar da masu zuwa wurinsa ga maƙwabcinsa.

Maganar adadin gurabe

Wannan ita ce ramin da ya fi kowanne zurfi, kuma ba a cika faɗa wa iyaye ba. Hukuma biyu ce ke amincewa da sashen shari'a. Akwai NUC mai kula da jami'o'i gaba ɗaya, akwai kuma Hukumar Kula da Ilimin Shari'a, wadda ita ce uwar Law School. Amincewar NUC kaɗai ba ta isa ba. Hukuma ta biyun tana duba malamai, ɗakin karatu da ɗakin gwajin shari'a, sannan ta yanka wa kowane sashe adadin ɗaliban da za ta karɓa daga gare shi a shekara: wani 50, wani 100, manyan tsofaffin jami'o'i sama da 200.

Ga yadda abin yake lalacewa. Jami'ar da aka ba gurbi 50 ta ɗauki ɗalibai 150 saboda kuɗin makaranta. Bayan shekara biyar duk sun gama, Law School ta karɓi 50, saura 100 suka zauna a gida. Shekara mai zuwa wasu 150 suka fito suka tarar da layi. Kafin a ankara, ɗalibi da digirinsa a hannu yana jiran shekara biyu ko uku, ba laifinsa ba. Hukumar tana hukunta irin waɗannan jami'o'i da hana su ɗaukar sababbin ɗalibai na wasu shekaru, kuma a watan Janairun 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a jami'o'i takwas bisa matakin hukumar. Kafin ka biya ko sisi, musamman a sabuwar jami'a mai zaman kanta, nemi jerin sassan da hukumar ta amince da su da adadin kowanne. Sannan ka je makarantar da ƙafarka, ka tambayi 'yan aji biyar su nawa ne a ajinsu, kuma waɗanda suka gama bara duk sun tafi Law School ko akwai saura. Amsar ɗalibai ta fi ta ofishin ɗaukar ɗalibai gaskiya.

Shiga daga aji biyu

Wanda bai samu ta JAMB kai tsaye ba, ko wanda ya riga ya girma, yana da ƙofar da ake kira DE, inda ake fara karatu daga aji biyu a yi shekara huɗu. Takardu iri-iri ne ke buɗe ta. Akwai IJMB, shirin share fage na kimanin shekara guda da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da jarrabawarsa, da takwaransa JUPEB. Akwai diflomar shari'a ta shekara biyu, irin wadda ake yi a Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, da Kwalejin Muhammad Goni a Maiduguri, da ta A.D. Rufa'i a Misau. Akwai kuma mai digiri a wani fanni, malamin makaranta ne ko ɗan sanda ko ma'aikacin banki, da ya yanke shawarar komawa aji.

Abu biyu za a riƙe a nan. Na farko, difloma ba ta mayar da mutum lauya, ko da ya fita da sakamako mafi daraja. Tana ba shi aiki a rajistar kotu, tana iya kai shi kujerar alƙalin ƙaramar kotun shari'ar Musulunci gwargwadon dokar jiharsa, tana kuma ba shi damar neman DE. Iyakarta ke nan. Na biyu, guraben DE kaɗan ne ƙwarai, domin daga cikin adadin nan da aka yanka wa sashe ake cire su, kuma ba kowace jami'a ke karɓar diflomar kowace kwaleji ba. Mai hankali yana cikin diflomar yana sake zana JAMB, duk wadda ta fara buɗewa ya shiga. Kiredit ɗin Adabin Turanci kuwa yana nan daram, DE ba ta ɗauke shi.

Ma'aikaci ya sani cewa karatun na cikakken lokaci ne. Hukumar Kula da Ilimin Shari'a ba ta karɓar digirin shari'a na yamma, ko na ƙarshen mako, ko na karatu daga nesa. Waɗanda suka yi shari'a a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, sun shafe shekaru suna fafutuka kafin a shirya musu wani kwas na musamman na cike giɓi. Don haka sai ka nemi hutun ƙaro karatu a rubuce daga wurin aikinka, na jami'a daban, na Law School daban.

Wanda ya yi karatu a waje

Asali ma mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a waje aka horar da su. Christopher Sapara Williams, lauya na farko ɗan Najeriya, a Landan aka kira shi a 1879. AbdulGaniyu AbdulRazaq na Ilori, na farko daga Jihar Arewa, a can ya samu nasa a 1955, haka ma Aloma Mukhtar a 1966, wadda ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012. Matsalar ita ce suna dawowa da dokar Ingila ba tare da sanin ta gida ba, abin da ya sa aka kafa Law School da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas.

Wannan dalili har yau shi ke aiki. Mai digirin waje yana fara yin kwas ɗin share fage da ake kira Bar Part I a hedikwatar makarantar da ke Bwari kusa da Abuja, 'yan watanni yana karanta tsarin shari'ar Najeriya, tsarin mulkinta, dokar laifukanta da dokar filaye. Sai ya ci wannan zai haɗu da 'yan gida a Bar Part II, wato ainihin karatun Law School. Sharaɗin shi ne digirin ya fito daga jami'ar da aka amince da ita, a ƙasar da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila, kuma ya ƙunshi darussan nan na wajibi. Ingila, Ghana, Uganda da Malesiya duk tsarinsu ɗaya da namu a asali. Nijar, Benin da Togo kuwa tsarin Faransa suke bi, ga shi kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Wanda ya karanta Shari'a a Madina ko Azhar ya dawo da ilimi mai nauyi, amma babu dokar kamfanoni ko ta filayen Najeriya a takardarsa. Hanyarsa ita ce DE. Duk mai shirin tura ɗansa waje ya rubuta wa Hukumar Kula da Ilimin Shari'a da sunan jami'ar da tsarin kwas ɗin, ya karɓi amsa a rubuce kafin ya sayi tikiti. Maganar dillalin makaranta ba hujja ba ce.

Shekarar Law School

Ba kai kake nema da kanka kai tsaye ba. Sashenka ne yake tura sunayen waɗanda suka gama ba tare da ragowar darasi ba. Makarantar tana da rassa bakwai: Bwari, Legas, Bagauda a Kano, Inugu, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Ita ke rarraba ɗalibai, kuma Bakano zai iya tsintar kansa a Yenagoa. A zangon 2023/2024 kuɗin makaranta ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000, ban da abinci, littattafai, tufafi da kuɗin mota. Jihohi da dama suna tallafa wa 'yan asalinsu, amma tallafin yakan zo bayan an rufe rajista, don haka a tanadi kuɗin tun ana aji biyar.

Tun kafin tafiya a daidaita suna. Idan WAEC ta rubuta Muhammad, JAMB ta rubuta Mohammed, digiri kuma ya ƙara sunan gari a ƙarshe, a je a gyara ko a yi takardar rantsuwa a kotu. Sunan da ya shiga kundin Kotun Ƙoli da shi za ka yi ta sa hannu har ka bar aiki.

Darussa biyar ne: shari'ar ƙararrakin jama'a, shari'ar laifuka, aikin kadarori, aikin kamfanoni, da ladubban sana'a. Wanda ya zo da tunanin maimaita karatun jami'a zai sha mamaki. A jami'a ana tambayarka mece ce yarjejeniya. A nan za a ce ga Alhaji wane ya sayar da gida a Kaduna, rubuta takardar cinikin, ka faɗi dokar da ta shafe ta, da wanda zai sa hannu, da matakan neman amincewar gwamna a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Idan aka mayar da gidan Ibadan, dokar ta canja, wasu kalmomin takardar ma sun canja. Haka a laifuka: Arewa tana da kundin Penal Code, Kudu tana da Criminal Code, ga dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da jihohi suka yi wa nasu kwafi. Ɗalibin Arewa yakan san nasa ya raina na Legas, jarrabawa kuma ba ruwanta da inda ka fito. Rubuta takardu da hannu, a maimaita har su zauna a ka, shi ne rabin karatun.

Bayan watannin aji ana tura ɗalibai aikin gani da ido, makonni a kotu, makonni a ofishin lauya. Ana ba ka littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka gani kullum, alƙali ko magatakarda da mai ofishin su sa hannu. Da an dawo za ka tsaya gaban malamai ka yi bayanin abin da ka koya. Masu zama a gida su cike littafin a dare ɗaya a nan ake kama su, domin tambaya ɗaya kan yadda aka gabatar da shaida a ƙarar da suka rubuta ta isa. Wanda ya faɗi wannan tantancewa ba a kiransa tare da 'yan ajinsa.

Akwai cin abincin dare sau uku na dole tare da manyan Body of Benchers, al'adar da aka gado daga Landan. Ana ɗaukar sunan masu halartar aji kullum, kuma wanda bai cika adadin kwanakin ba ba ya zana jarrabawa. Tufafi baƙi da fari ne. Game da hijabi, an hana Firdausi Amasa shiga zauren kira a Disambar 2017 saboda ta ƙi cirewa, daga baya majalisar Body of Benchers ta amince, aka kira ta da hijabinta a Yulin 2018. Tun daga nan 'yan'uwa mata suna sa ɗan ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular gashin da lauyoyi ke sawa.

Jarrabawar ƙarshe kashi biyu ce: tambayoyi 100 na zaɓi, 20 daga kowane darasi, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, sannan takardar rubutu ta kowane darasi, kullum ɗaya. A da, darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke jan darajarka ƙasa, don haka wanda ya ƙware a huɗu ya yi sakaci da ɗaya yakan yi asara. Yawanci aikin kamfanoni ne ake tsoro, saboda yawan fom da wa'adin kwanaki da ke cikin dokar kamfanoni ta 2020; ladubban sana'a kuma shi ake rainawa, shi ne kuma yake ba da kunya. Wanda ya faɗi yana da damar sake zanawa.

Kira, rajista da abin da ke biyo baya

Cin jarrabawa bai wadatar ba sai an tabbatar kai mutumin kirki ne da ya dace da sana'ar. Mutum biyu daga cikin Body of Benchers za su sa hannu a fom ɗinka. Tarihin satar jarrabawa, shiga ƙungiyar asiri ko hukuncin kotu kan rashin gaskiya yana iya hana kira, ɓoye shi a fom kuma ya fi laifin kansa muni. Ranar kira a Abuja za ka sa hular gashi da baƙar riga, a ba ka takarda, sannan ka yi rajista a Kotun Ƙoli a ba ka lamba. A Najeriya kira ɗaya ya haɗa aikin tsayawa a kotu da aikin rubuta takardu a ofis, ba kamar Ingila da ta raba su biyu ba.

In an lissafa: shekara biyar a jami'a, ɗaya a Law School, ɗaya a bautar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama digiri. Bakwai ke nan a takarda. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, ga jiran gurbi, don haka mai shiga jami'ar gwamnati ya sa takwas a ransa.

Kowace shekara akwai kuɗin izinin aiki da ake biya kafin 31 ga Maris, da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA da ake mannawa a duk takardar da ka shirya. Kuma da sunanka za ka sa hannu, ba da sunan ofis ba: a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, saboda kamfani ba ya cikin kundi. Ƙararraki da yawa sun mutu a kan wannan. Shi ya sa muke ba sabon lauya shawarar ya zauna ƙarƙashin babba shekara biyu ko uku kafin ya kafa allonsa, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Ranar kiran ita ce ake ƙirga girma daga gare ta: shekara 10 kafin neman muƙamin Babban Lauyan Najeriya (SAN) ko alƙalancin Babbar Kotu, 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 ga Kotun Ƙoli.

Kujerar Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ita ce ta fita daban. Sashe na 276 na tsarin mulkin 1999 ya ba da hanya biyu: lauya mai shekara 10 da ke da takardar shaidar ilimin shari'ar Musulunci, ko kuma malamin da ya riƙe irin wannan takarda shekara 10 daga makarantar da Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta yarda da ita, tare da gogewa a aikin ko shahara a ilimin. Mai digirin Madina ko Azhar da burinsa alƙalanci ne zai iya bin ta biyun ba tare da ya taka Law School ba.

Lauyan da aka kira a Najeriya kuma yake son aikin lauyan ofis (solicitor) a Ingila, tun 2021 hanyarsa ita ce jarrabawar cancanta da ake kira SQE. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi a takarda biyu, kashi na biyu gwajin aiki ne da baki da rubutu. An ɗauke wa lauyan da ya riga ya cancanta a ƙasarsa sharaɗin shekara biyu na koyon aiki, kuma yana iya neman a ɗauke masa kashi na biyu idan ya nuna gogewarsa. A Nijar kuwa, bisa ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ta 2014, ana neman digiri na biyu a fannin doka, da takardar ƙwarewa ta CAPA, sannan shekara uku na koyon aiki a ofishin wani lauya kafin a sa sunan mutum a babban jerin lauyoyi.